Furar Gidan Maitama

Da sunan Allah Mai rahama, wanda cuta da waraka duka suke hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da mutanen gidansa.

A wata unguwar manoma da ke kudu da Gozaki, 'yan shekaru bayan ƙasar nan ta sami mulkin kai, an yi waɗansu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda suke noma a gandu guda tun rasuwar mahaifinsu. Babban sunansa Isyaku, kuma shi ne mai gandu: shi yake raba aiki, shi yake buɗe rumbu, shi yake ɗauke wa kowa haraji. Ƙaramin sunansa Maitama, kuma shi ne ƙarfin gandun. Duk inda aka kira gayya a yankin, daga unguwannin Musulmi har gidajen Maguzawa na bakin rafi, shi ake sawa a gaba, domin idan ya sunkuya ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshen gona. Matarsa Hansai mace ce da ta fara manyanta, mai ƙarancin magana, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. 'Ya'yan da Allah ya raya musu duka mata ne.

Wata safiya a cikin bazara, Maitama ya shigo ya tarar da ita tana suyar gyaɗa. Ya sa hannu ya sauke mata kaskon daga murhu, ya ajiye shi a ƙasa, yana ci gaba da yi mata maganar irin dawar da za a shuka bana. Hansai ta ji ƙauri wanda ba na gyaɗa ba. Ta kamo hannunsa na hagu ta juya, sai ta ga fatar tafin ta ɗaye, shi kuwa bai sani ba. A nan ta tuna wani tabo mai haske da ta daɗe tana gani a bayansa, wanda ta ɗauka ƙyasbi ne. Ta ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Ta kashe wutar, ta shiga ta ɗauko mayafinta.

A Malumfashi, malamin asibiti ya sa Maitama ya tuɓe riga ya rufe idanunsa. Ya murza 'yar auduga a yatsa yana taɓa masa baya, ya ce duk inda ya ji, ya ce ya ji. A kafaɗa ya ce ya ji. A wuya ya ce ya ji. Da audugar ta sauka a kan tabon, sai ya yi shiru yana jira a taɓa shi, alhali ana cikin taɓa shi. Hansai tana tsaye tana kallo. Mutumin da audugarsa take cika amalanke ana kai ta Funtua kowace kaka, yau ga auduga a jikinsa bai san da ita ba.

Malamin ya ce kuturta ce, amma an zo da sauran dama. Ya nuna musu waɗansu 'yan ƙwayoyi farare, ya ce akwai mai rabon magani da yake zuwa Gozaki kowane mako, yana zama a gindin wata bishiya kusa da kasuwa, kuma a gabansa ake haɗiyewa. Ya ce magani ne na shekaru, wanda ba a tsallake masa mako. Ya ce hannu da ƙafar da ba sa jin zafi su ne abin tsaro, domin ƙaya da wuta da gugar ƙotar fartanya su ne suke cin yatsu. Ya ƙara da cewa idan ba mai kula da shi a gida, akwai zangon masu wannan cuta can arewa, inda ake ajiye su.

Hansai ta ce, “Malam, ana ɗaukarta a abinci?”

Ya ce, “Mai shan ƙwaya ba fashi ba shi ne abin tsoro ba. Ke da kika shekara kina dafa masa kuna ci, ga ki tsaye lafiya.”

Suka kama hanyar komawa. Da suka hango rimin unguwarsu, Maitama ya ce, “Gara in tafi zangon nan. Yaran nan za su yi aure. Kada in zame musu tabo.”

Ta ce, “Ba inda za ka je.”

Ya ce, “Hansai, ni ne fa mijin.”

Ta ce, “Na sani. Shi ya sa.”

Labari bai kwana biyu ba ya zaga unguwa. Ƙuli-ƙulin da aka fita da shi talla ya dawo kamar yadda ya fita. Matan da suke aiko kwalba a zuba musu mai suka daina aikowa. Har a cikin gida, matan Isyaku suka ware randarsu, suka hana jikoki ƙetarawa sashen Maitama. Isyaku kansa ba mugun mutum ba ne. Mai salla ne, mai zumunci, kuma shi ya yi wa ƙanen nasa aure. Amma tsoro ya shige shi, kuma tsoro idan ya sami mutumin kirki yakan zo masa da kamannin hankali da hangen nesa.

Sai ya kai maganar gaban limamin unguwa, Malam Abdussamad, dattijo mai ilimi da taka-tsantsan. Aka zauna a zauren liman bayan sallar azahar. Maitama ya zauna can gefe a kan buzunsa da ya zo da shi. Hansai ta durƙusa a bakin ƙofa ta waje, ta kawar da fuska, domin tun da aka kawo ta gidan aure ba ta taɓa haɗa ido da yayan mijinta ba, ba ta kuma taɓa yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba.

Isyaku ya ce, “Allah ya gafarta Malam, abin da na gani shi ne a kai shi inda ake kula da irinsu. Gandu zai riƙa aika masa hatsi, ba zan bar shi da yunwa ba. Yaran kuma nawa ne. Ita kuwa wannan baiwar Allah, na ji an ce shari'a ta ba ta mafita. A faɗa mata, kada kunya ta sa ta cuci kanta.”

Liman ya gyara zama ya ce, “Hansai, kina jina?”

Ta ce, “Ina ji, Allah ya gafarta Malam.”

Ya ce, “Malamanmu sun tafi a kan cewa idan wannan cuta ta bayyana ga miji bayan aure, mace tana da zaɓi. Idan ana fatan warkewa, a jinkirta masa shekara ya nemi magani. Bayan nan, in ta so ta zauna, in ta so a raba, kuma babu laifi a kanta ko kaɗan. Wannan sauƙi ne daga Allah, ba abin kunya ba ne.”

Ta ce, “Zaɓin nan, na wane ne?”

Ya ce, “Naki ne.”

“Ba na yayan miji ba? Ba na dangina ba? Ba na shi mai cutar ba?”

“Naki ne ke kaɗai.”

“Idan na ce na yarda na zauna, bayan na san abin da yake ɗauke da shi, akwai wanda zai zo daga baya ya zaɓa mini?”

Liman ya gane inda ta dosa. Ya ce, “Babu. Amma ki yi tunani, domin idan kika yarda da saninki, zaɓin ya fita hannunki. Kina da shekara.”

Ta ce, “Ba na bukatar shekarar. Ka shaida, Malam, na gani, na sani, na yarda.”

Maitama ya sunkuyar da kai. Ran Isyaku ya ɓaci, ba don ƙiyayya ba, sai don ya zo da abin da yake gani alheri ne an mayar masa a gaban mutane. Ya ce to, tunda haka ne, shi ba zai haɗa gandu da su ba. Za a yanka musu gonar gindin ɗorawa daga gonar mahaifinsu, a toshe ƙofar da ta haɗa sassan gida, su fasa tasu ta baya. Ya ce, “Hannun gandu ba zai taɓa gonar nan ba. Idan kaka ta zo rumbunku ya ɗauke ku, ba ni da magana. Idan kuwa bai ɗauke ku ba, ni da kaina zan sa shi a mota zuwa zangon, kuma kada wani ya ce na yi zalunci.”

Kafin Hansai ta buɗe baki, Maitama ya ce, “Na yarda, Yaya. Malam shaida ne.” Da haka zamansa a gidan ubansa ya rataya a kan gona ɗaya da damina ɗaya.

Hansai ba ta tsaya kuka ba. Ta ba da awakinta aka musanya mata da wani tsohon jaki mai haƙuri, domin ranar ƙwaya kada ta dogara da ƙafar mijinta. Ta sa aka yanka masa takalmin taya mai kauri, ta hana shi taka ƙasa ba takalmi, ko da zuwa alwala ne. Ta naɗe ƙotar fartanyarsa da tsumma. Kowace safiya, bayan ya dawo daga masallaci inda yake tsayawa a ƙarshen sahu, takan zaunar da shi a kan turmi, ta jiƙa masa ƙafa da hannu a ruwa, ta bi tsakanin yatsu tana neman ƙaya ko tsaga, sa'an nan ta shafe da man kaɗanya. Ta ajiye sana'ar mai ta koma kaɗin zare, tunda ba wanda yake cin zare. Ta kuma sa aka gina mata ɗan ƙaramin rumbu a bayan babban, ta ce duk abin da Allah ya ba su a kaka, za a fara zuba wa wannan, kuma ba za a buɗe shi don biki ko baƙo ba, sai don lalurar maigida: abincin jaki, da ladan wanda zai raka shi Gozaki ranar da ita ta kasa.

Maitama yakan dube ta ya ce, “Kin gina rumbu tun ba a yi shuka ba.”

Takan ce, “Wanda zai cika shi yana gani.”

Da ruwa ya sauka suka yi shuka, shi yana sara da sungumi, ita da 'ya'yanta suna bi suna zuba iri. Dawa ta fito da kyau. Amma da aka shiga noma, duk da tsumman da aka naɗa, tafin hannunsa ya tashi ya fashe, bai sani ba sai da ya ga jini a ƙota. Mai rabon ƙwaya ya duba ya ce idan ya sake riƙe fartanya kafin ya warke, to ya yi sallama da yatsun. Hansai da 'yan matan suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ruwa yana zuba ba ƙaƙƙautawa, harƙiya tana tashi a bayansu kafin su kai gaba. Dawa ta fara rawaya a cikin ciyawa. Gonar Isyaku kuwa, wadda layin gamba kawai ya raba su, tana nan fes.

Sai Hansai ta ce za ta kira gayya. Ta aika da goro ga samarin unguwa, ta aika wa Maikuɗi, Sarkin Noman Maguzawan bakin rafi, wani dattijo mai faɗin ƙirji da yawan barkwanci, wanda Maitama bai taɓa ƙin amsa gayyarsa ba.

A wannan unguwa gayya tana da ƙa'idarta. Ana aiki daga safiya har rana ta take, sai mai gona ya kawo fura da tuwo. Ba mai sa baki sai an miƙa ludayin farko ga babban gidan da gonar ta fito, ya sha, ya sa albarka. Idan aka ci aka sha, makaɗi ya koma kan gangarsa a ƙarasa aiki. Idan kuwa 'yan gayya suka ƙi abincin, to sun sallami kansu ke nan, kowa ya saɓa fartanyarsa, kuma ba a sake kiran gayya a wannan gida.

Malam Abdussamad ya san inda matsalar take. Ya zo har ƙofar baya, ya yi sallama, ya tsaya daga waje ya ce, “Hansai, ga shawara. Ki aiko da geron da dawar zuwa gidana, iyalina su daka su dafa. Kowa ya san daga tukunyata ya fito, sai a ci ba fargaba. Gona dai muke so ta tsira.”

Ta ce, “Allah ya saka da alheri, Malam. Amma a tukunyata za a dafa.”

Ya ce, “Kada ki haɗa taurin kai da tawakkali. Shari'a ba ta zargi mai jin tsoron wannan cuta ba. An ruwaito nisanta, an kuma ruwaito cin abinci tare, kuma malamai sun ce kowanne yana da muhallinsa.”

Ta ce, “Ban zargi kowa ba. Amma bana in an dafa a gidanka, baɗi fa? Ranar auren yaran nan fa, a gidan wa za a dafa? Cutar nan an ce ta shekaru ce. Ba zan shekara goma ina aron murhu ba. Idan za a ci abincin gidan nan, a fara ci yanzu. Idan ba za a ci ba, in sani.”

Liman ya ce, “Idan suka watse fa? Kin san abin da ke kan gonar nan.”

Ta ce, “Na sani. Ni nake wanke masa ƙafa.”

Sai ya ce Allah ya yi mata jagora, kuma shi zai zo.

Ranar gayya gari ya waye da rana mai kyau. Maikuɗi ya iso da mutanensa da makaɗinsu, samarin unguwa ma suka zo, ko da yake ba duka ba. Maitama yana zaune a gindin ɗorawa da hannu a naɗe, yana yi wa kowa sannu daga nesa. Maikuɗi ya tsaya a kansa ya ce, “Kai, Maitama! Ashe dabara ka yi don ka huta? Shekara da shekaru kana ba mu kunya a gona, yau ka zauna kamar hakimi.” Maitama ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Ganga ta tashi, aka jeru, ƙasa ta fara juyawa. A ɗaya gefen gamba, Isyaku da 'ya'yansa suna nasu aikin, sun ba da baya.

Da rana ta take, an ci rabin gona. Hansai da 'ya'yanta suka iso da ƙoren fura da akusan tuwo, suka jera a inuwa, suka ɗauke faifai. Ganga ta yi shiru. Mutane suka zo suka zazzauna, gumi yana zuba, amma kowa ya sami abin kallo a wani wuri. Wani yana gyara ƙotar fartanya da ba ta lalace ba. Wani ya ce shi dai azumin nafila yake yi, alhali an gan shi da goro a baki da safe. Wani saurayi a hankali ya jawo fartanyarsa kusa da ƙafarsa. Ƙudaje suka fara sauka a bakin ƙwarya.

Malam Abdussamad ya matso ya miƙa hannu ya ce, “Bismillahi, kawo in fara.”

Hansai ta ce, “A'a, Allah ya gafarta Malam. Kai in ka sha, za a ce ka yi tofi ne a ɓoye, ko a ce tawakkalin malamai daban yake. Kuma ludayin farko ba naka ba ne.”

Ta dama furar, ta cika ludayi, ta tallafe shi da tafin hannu, ta miƙe. Ta bi ta cikin dawa, ta raba gamba, ta shiga gonar Isyaku. 'Ya'yansa suka tsaya da aiki. Ta je gabansa ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta miƙa ludayin sama da hannu biyu.

Ta ce, “Yaya, ga ruwa.”

Isyaku ya ɗago, ya dubi ludayin, ya dubi taron da yake kallonsa ta saman gamba. Ya ce, “Wa ya aiko ki?”

“Ba wanda ya aiko ni. Kai ne babban gida.”

“Na fitar da ku daga gandu.”

“Daga gandu ka fitar da mu, Yaya. Gonar ta Baba ce, kuma Baba bai bar wani babba ba sai kai.”

Daga gindin ɗorawa Maitama ya ɗaga murya ya ce, “Hansai, dawo! Kada ki matsa masa.” Ba ta ko motsa ba.

Isyaku ya rage murya ya ce, “Wa ya daka?”

Ta ce, “Ni. Ni na daka, ni na cura, ni na dama. Da hannun da nake wanke masa ƙafa kowace safiya. Na wanke shi da sabulu kamar yadda aka koya mini, amma shi ne dai hannun, ba zan ɓoye maka ba.”

Ya ce, “Ke yanzu, tun da aka kawo ki gidan nan ba ki taɓa ɗaga ido kin dube ni ba, yau ni kike tsarewa a gaban jama'a?”

Ta ce, “Yanzu ma ban ɗaga ba.”

Fura ta fara ɗiga tana bin gwiwar hannunta. Ta ce, “In ba za ka sha ba, ba zan yi maka dole ba. Amma ka faɗa da bakinka, kowa ya ji, cewa abincin gidan mahaifinka ba ya ciwuwa. Sai in zubar, mutane su tafi, ka nemo motarka. Ni dai ba zan tashi da shi a cike ba tare da na ji ɗaya daga cikin biyun ba.”

Can sai muryar Maikuɗi ta ratso gona. “Isyaku! Aradu ƙishi zai kashe mu a gonar masu salla! In za ka sha ka sha, in ba za ka sha ba ka ba mu hanya. Kullum kuna gaya mana komai rubutacce ne, yau ga ɗan ludayi ya gagari rubutu?” Waɗansu suka yi dariya, waɗansu suka ji nauyi. Liman ya ci gaba da jan carbinsa.

Isyaku bai kula Maikuɗi ba. Ya dubi matar da take durƙushe a gabansa, ya ce a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji, “Ina da jikoki, Hansai. Tsoro nake ji.”

Ta ce, “Ni ma ina ji, Yaya. Da shi nake tashi, da shi nake dafawa.”

Ya tsaya har aka zaci ba zai karɓa ba. Sa'an nan ya jingine fartanyarsa a cinya, ya goge hannu a riga, ya karɓi ludayin. Ya ce, “Bismillahi, na dogara ga Allah.” Ya kafa kai ya shanye, har ya ɗaga gindin ludayin sama kowa ya gani. Ya goge gemu ya ce, “Kin cika citta.”

Ta ce, “Haka ƙanenka yake so.”

Ya miƙa mata ludayin, ya ɗaga murya ya ce, “Allah ya sa albarka a gonar.” Aka amsa da amin daga ɗaya gefen. Sa'an nan ya ƙara da cewa, “Amma maganata ta gandu tana nan yadda take.”

Hansai ta miƙe ta ce, “Ba mu roƙi komawa ba.”

Kafin ta raba gamba ta dawo, Maikuɗi ya riga ya rungumi ƙwarya guda yana cewa kada kowa ya taɓa masa. Liman ya sha. Mai azumin nafila ya tuna cewa bai ɗaura niyya ba. Ba kowa ne ya ci ba. Mutum biyu ko uku sun zame ta bayan ɗorawa, kuma ba a kira sunansu ba. Amma akusan sun koma gida a wanke da yatsa, ganga ta sake tashi, kuma kafin la'asar ta yi sanyi babu sauran harƙiya a tsaye a gonar. Isyaku bai ƙetaro ba, bai kuma bar 'ya'yansa sun ƙetaro ba, domin ya riga ya yi magana a gaban liman.

Da kaka ta zo, Allah ya ba da abin da ya ba da. Hansai ta sa aka fara zuba wa ƙaramin rumbu har ya cika, aka liƙe bakinsa da laka, sa'an nan aka juya kan babban. Bai cika ba, amma ya kai inda zai ɗauke su. Isyaku ya zo da kansa, ya taka tsani ya leƙa, ya sauko, ya ce wa ƙanensa, “Yaya hannun?” Maganar mota ba ta sake fitowa daga bakinsa ba.

Maitama ya rayu shekaru masu yawa a gidan mahaifinsa. Yatsu biyu na hannun hagu sun lanƙwashe ba su miƙe ba, sauran kuwa Allah ya tsare masa su. Duk ranar ƙwaya, ko ana ruwa ko ana rana, akan ga tsohon jakin nan a hanyar Gozaki, shi a kai da takalmin taya, ita a baya da sanda. Ƙofar da aka toshe ba a sake buɗe ta ba, kuma Hansai ba ta taɓa neman a buɗe ba. Da matan Isyaku suka fara bukatar man gyaɗa, sai su zagayo ta baya da kwalbarsu, su yi sallama kamar kowa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikinsu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kuma ƙarfafa hannuwan da suke jinyarsu.